Kawu Bappa da Kuran ɗin Jijiyar Sa

Duk wanda ya san layin mahauta a Garwa ya san Kawu Bappa ba ya zama. A tsaye yake cin tuwo! Ka ba shi kujera, ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi."

Da aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya a Yawunde, likita ya ce ya huta wata biyu. Kwana tara sai ga mutumin a mahauta yana wasa wuƙa. "Pil aka sa min, kamar rediyo," in ji shi, wato batir. "Kun taɓa ganin rediyo na jinya?"

Ni na jawo sauran, wallahi. Na dawo hutu daga jami'a, bakina ya ƙi rufuwa. Na ce muna binciken wani abu mai laushi kamar fata, a manna shi jikin zuciya, bugunta ya riƙa ba na'urar wuta, ba ruwanka da pil. Har na ƙara da cewa jijiyar bijimin sa ma, in an matsa ta, tana ba da ɗan kuran, wato wutar lantarki.

Kashegari na tarar da shi ya soka waya a jijiyar san da ya yanka, yana murɗa ta kusa da ƙwan tocila, mahauta sun kewaye shi.

"Kawu, ba zai kama ba!"

"Yi min shiru, Dokta. Shekara arba'in ina jefa wa karnuka kuran!"

Da pil ɗin ya yi rauni, aka ce maza ya zo a canja. Ya ce atafau.

"Ni ke yanka. Ba a yanka ni sau biyu. Naki zan jira."

"Kawu, a kan ɓeraye ake gwadawa!"

"To ɓera ya fi ni gata ne?"

Kullum Juma'a sai ya kira: "An gama?" In ce da saura, in roƙe shi ya tafi. Sai da na fashe masa da kuka ya yarda. A mota ya ce da ni ta waya, "Ban ji haushinki ba. Amma ki hanzarta, akwai masu jira bayana."

Bai kai tashar Ngaundere ba, inda zai hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde.

Har yau ina cewa da ma na yi shiru. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa Aljanna makomarsa, ni kuma ya yafe min bakina.