Azumi A Ƙasar Da Rana Ba Ta Faɗuwa

Akwai wani azumi da na san har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba, wato na shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Duk inda ka zauna a gari zancen ke nan, rediyo ba ta hutawa, 'yan siyasa kowa na rantsuwa shi ya fi son addini. Mu kuwa a gidanmu da ke Nassarawa GRA abin da ya dame mu daban ne. Yayanmu yana can ƙarshen duniya, a kan ƙanƙara.

Likita ne. Karatu ya kai shi Afirka ta Kudu, daga can ya samu aikin duba lafiyar wasu masu bincike da ke zuwa Antatika, nahiyar nan ta can ƙasan taswira, wadda ba ta da gari ko ɗaya, ba bishiya, ba gona. Shekara guda cur zai yi. Duk mako yakan bugo wayar falo, magana 'yar kaɗan don layin ta tauraron ɗan Adam yake bi, kuma ni ce mai ɗauka. Ni ce auta, tun rasuwar Baba ni kaɗai na rage tare da Hajiya.

Hajiya ba ta ɗauka, domin Yaya ɗan fari ne, ita kuma irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wancan" take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Saboda haka da waya ta yi ƙara sai ta tashi ta koma bakin ƙofar kicin da faranti, wai tsintar shinkafa take, alhali muna da kuku. Ni kuma na gane wasan, duk abin da Yaya ya faɗa sai in maimaita da ƙarfi.

"Au, Yaya, ka ce tsuntsayen can ba sa tashi, sai tafiya kamar masu sabon takalmi?"

"Wai hayaƙin motocinmu da na masana'antu har can yake kaiwa yana narkar da ƙanƙarar? Har da na janaretanmu?"

"Ba a barin ko tsinke a ƙasa, duk sharar sai an mayar da ita jirgin ruwa? Kai Yaya, kai da ko kwanon da ka ci abinci ba ka ɗaukewa!"

A irin wannan maimaici ne, azumi bai yi nisa ba, na ce, "Rana ba ta faɗuwa? Sam-sam?" Na ji tsintar shinkafa ta tsaya.

Daga ranar Hajiya ta daina cin abinci. In an sha ruwa sai ta ɗauki dabino ta kurɓi ruwa, ta ture kunun gyaɗa da ƙosai gefe ta ce ba ta jin yunwa. Sahur ma haka. Ga ta da gyambon ciki tun da daɗewa. Na yi magiya, na yi fushi, na kira yayyena mata suka zo suka yi nasu, ba wanda ta gaya wa dalili. Ai ba za ta faɗa ba. Ta ce me? Ta ce tana tunanin ɗan fari?

Lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare, akwai wani malami da ke zuwa gida yana koya mini labarin ƙasa. Kirista ne mutumin Zariya, dattijo mai sanyin murya. Shekarar mutanensu da yawa sun tattara sun koma gida don fargaba, amma shi ya zauna, kuma kullum sai Hajiya ta sa an zuba masa kayan shan ruwa ya tafi wa iyalinsa da su. Wata rana da la'asar muna baranda sai ga ta ta fito, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, wai da gaske akwai ƙasar da rana ba ta faɗuwa?"

Ya ce akwai, Hajiya. Ya sa na ɗauko lemo da tocila, ya karkata lemon yana juya shi a hankali, ya nuna mata yadda gindinsa ba ya fita daga haske. Ya ce sai an yi watanni haka, sannan a yi watanni ba a ga ranar ba, teku ta daskare, ba jirgin da zai shiga ko ya fita.

Ta daɗe tana kallon lemon. Sannan ta ce, "To mutanen da ke can, masu azumi fa?"

"Wannan kam sai malamanku, Hajiya. Ni juyin duniyar kawai na sani."

Na yi caraf na ce ai an faɗa a rediyo, irin waɗannan mutane lokacin ƙasar da ta fi kusa da su suke bi. Ta harare ni.

"Ke ba ki san wancan ba. Taurin kan ubansa gare shi. Yana yaro katanga yake hawa, in bai ga faɗuwar rana da idonsa ba ba zai sha ruwa ba."

Ashe duk shekarun nan da take kau da kai tana ganinsa.

Da ya sake bugowa na tambaye shi, ya yi dariya ya ce agogon garin da jirginsu ya taso yake bi, yana ci yana sha lafiya lau. Na maimaita da ƙarfi har sau biyu. Daga bakin kicin ta ce, "Ai haka zai ce miki."

Shigar goman ƙarshe jikinta ya ƙi. Ta rame, tashi ma sai an kama ta. Ran nan tana kwance a doguwar kujerar falo, dab da magariba, waya ta yi ƙara. Ta yunƙura za ta gudu kamar kullum, ta kasa. Na ɗauka, kuma wannan karon ban maimaita komai ba. Na ce, "Yaya, Hajiya ba ta cin abinci. Saboda kai ne." Ina jin kukan iska a bayansa.

Sai ladanin masallacin layinmu ya ɗaga murya. Na ga Hajiya ta miƙo hannu. Na zaci ruwa take so, na miƙa mata kofi, ta girgiza kai ta nuna wayar. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta juya fuskarta wajen bango.

"An kira salla a nan," ta ce. "A sha ruwa."

Na matsa kusa har kaina na taɓa nata. Na ji Yaya ya ce, "To, Hajiya." Ta ce, "Ina saurare." Muka ji ƙarar buɗe gora, muka ji ƙwat-ƙwat ɗin ruwa a maƙogwaronsa, daga ƙarshen duniya har falonmu. Ta lumshe ido ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta miƙo mini wayar ta ce in zubo mata kunu. Ta shanye kofi biyu, ni kuwa kuka ya hana ni shan nawa.

Daga baya Yaya ya gaya mini a agogon da yake bi lokaci bai yi ba tukuna, da ɗan saura. Ya sani sarai, ya sha, bayan ƙaramar salla ya rama azumin.

Hajiya ta rasu da damina, lokacin da dogon duhun da malam ya faɗa ya rufe su, teku ta daskare. Bai samu jana'iza ba, bai samu zaman makoki ba. Da ya dawo ya zauna a wannan kujerar ya ce mini, a duk rayuwarsa maganar da ta taɓa yi masa kai tsaye ke nan. Har yau in aka kira magariba da azumi sai in ji kewarta.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kau da kai ba lallai ya daina kallo ba, kuma ba na raina kunyar iyayenmu. Amma na ga abin da ta jawo wa mutum biyu. Shi ya sa nawa ɗan farin nake kiran sunansa gatsau, in tambaye shi ko ya ci abinci, tun yana inda zai ji ni.