Abin da Kika Ga Dama

Ni mai sayar da atamfa ne a kasuwar Treichville, gidana kuma a Bromakoté yake, cikin Adjamé. Karatuna na allo ne, sai aji huɗu na boko a can garinmu na Nijar. Abin da zan rubuta laifina ne. Har yau idan na tuna shi raina yakan ɓaci, wani lokaci da kaina, wani lokaci kuma da wadda na zalunta, ko da yake na san ba ni da hujja.

'Yata ta fari a nan Abidjan aka haife ta. Faransanci ya fi zama a bakinta. Hausarta ta tsakar gida ce: ina kwana, kawo ruwa, an gode. Da magana ta yi zurfi sai ta koma Faransanci, ni kuma in daka mata tsawa. Ban taɓa zaunar da ita na koya mata ba. Tsawar kaɗai na iya.

Lokacin da ta gama sakandare ni na riga na gama shirina. Akwai wani malami a unguwar Bracodi mai makarantar Larabci da Faransanci, wanda nake ganin girmansa. Na yi masa alkawari a gaban mutane cewa 'yata za ta riƙa koyar da ƙananan azuzuwa a wurinsa. Ban tambaye ta ba. Ita kuwa ungozoma take so ta zama, kuma makarantar da ta karɓe ta a can garin Bouaké take.

Sau biyu tana zuwa da maganar ina tashi in bar mata wurin. A karo na uku ta same ni bayan la'asar a ƙofar ɗaki, da takarda a hannunta. Gidan haya ne, matan maƙwabta suna wanki suna kasa kunne. Ta durƙusa ta ce, "Baba, jibi za a rufe rajista. Ka ce wani abu."

Na kawar da kai na ce, "Je ki yi abin da kika ga dama."

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san wannan magana. Idan uba ya faɗe ta, ya hana ke nan, hanin da ya fi duka zafi. Ma'anarta, in kika yi, babu ni babu ke. Da ni mahaifina ya faɗa wa haka, da a nan zan yayyaga takardar in kama ƙafarsa. Amma yarinyar nan kalmomin ta ji. Fuskarta ta washe. Ta kama hannuna da hannu biyu tana cewa, "Marsi, Baba, Allah ya saka," ta ruga ɗaki tana kiran ƙannenta.

A nan laifina yake. Na ga ba ta gane ba. Na gani sarai. Kalma ɗaya ta isa in gyara, in ce mata ban yarda ba, ta kawo hujjarta in kawo tawa. Ban yi ba. Na ji tsoron ta tambaye ni dalili, domin dalilina bai wuce kunyar malamin Bracodi ba. Sai na bar ta ta faɗa ramin, don in samu abin da zan riƙe ta da shi.

Uwarta ta dawo daga unguwa ta ji labari, ta shigo ta tsaya a kaina.

"Alhaji, ka san yarinyar nan ba ta ji abin da kake nufi ba."

"Ba Bahaushiya ba ce? Wa ya hana ta jin harshen ubanta?"

"Wanda bai koya mata ba. Kira ta ka faɗa mata da baki."

"Na gama magana."

"Ba ka fara ba ma," in ji ta, ta buga labule ta fita.

Bayan mako uku yarinyar ta tafi. Da ta zo sallama na shige banɗaki na ƙi fitowa har na ji an fitar da jakarta. Daga ranar na hana a ambace ta a gabana. Idan ta kira waya in kashe. Da hutu ta zo gida na ce ɗakina ba masaukin marasa kunya ba ne, sai ta koma wurin ƙanwar uwarta. Malamin kuwa na ce masa ta bijire mini, ya girgiza kai ya yi mini addu'ar haƙuri, na karɓa ina jin daɗi.

A kasuwa akwai maƙwabcin rumfata, wani tsoho mai kaifin baki, wanda ba ma shiri. Shekara guda kafin haka manyanmu sun tara mu don zaɓen shugaban layin 'yan atamfa, suka ce kowa ya ɗaga hannu ga mutumin da suka riga suka tsayar. Na miƙe na ce ni ba akuya ba ce da za a ja da igiya, kowa yana da kansa, a bar kowa ya zaɓa. An tafa mini. Na daɗe ina ba da labarin. To, da tsohon nan ya ji abin da ya faru a gidana, kullum da safe yana shimfiɗa kaya yana ɗaga murya.

"Alhaji mai 'yanci, an tashi lafiya? Yaya igiyar gida, ba ta tsinke ba?"

"Ka kula da rumfarka, tsohon banza."

"Ina kula. Ni dai nawa akuyoyin na faɗa musu a fili cewa a ɗaure suke."

Rannan saura kaɗan in jefe shi da sandar awo. Na tsane shi, kuma har yanzu ba na gaishe shi da daɗin rai. Amma gaskiya ya faɗa. Shi yana hana 'ya'yansa, su san an hana su. Ni so nake a ce na sake, kuma a zauna inda na ajiye.

Ban yarda ɗa ya yi duk abin da ransa ya ba shi ba, ko yau. Uba yana da hakkin cewa a'a, kuma akwai abubuwan da zan hana har in mutu. Sai dai wanda zai hana ya buɗe baki ya hana, ya ɗauki nauyin haninsa, ya tsaya a tambaye shi. Ni na ɗora mata nauyin, na tsaya gefe ina jiran ta yi kuskure.

Shekara huɗu muka yi haka. Ta gama karatu, aka ba ta aiki a wani ɗakin haihuwa a nan Treichville, tafiyar minti goma daga rumfata. Ba ta taɓa biyowa ta layinmu ba. Matan da suke sayen atamfar bikin suna sukan ce mini, "Alhaji, 'yarka ce ta karɓi haihuwar, hannunta da albarka." In ce madalla, in ji kamar an watsa mini barkono.

Wata Talata bayan azahar na rufe rumfa na tafi. Na zauna a benci cikin mata masu ciki, suna kallona suna ƙus-ƙus. Da ta fito da farar riga ta gan ni, ta tsaya. Ta rusuna kaɗan, gaisuwar da ake yi wa baƙon dattijo.

"Baba, lafiya? Inna ce?"

"Lafiya lau. Magana na zo da ita."

Muka koma bakin baranda. Na ce mata ranar nan ban ba ta izini ba, kuma na ga ba ta gane ba na yi shiru da gangan. Na ce ta yafe mini.

Ta dube ni ta amsa. Hausarta ta gyaru, ban san wa ya koya mata ba.

"Na sani," ta ce. "Washegari Inna ta fassara mini."

Jinina ya hau nan take. "Ashe kin sani kika tafi!"

"Na sani. Mako uku ina gaishe ka safe da yamma, ina jira ka ce a'a. Wallahi da ka faɗa da na zauna. Da na yi kuka, da na yi gardama, amma da na zauna. Ba ka faɗa ba. So kake in hana kaina, kai kuma ka fita da hannu mai tsabta."

Na buɗe baki in ce ba a yi wa uba magana haka. Sai ta riga ni.

"Gafara kuwa," ta ce, "ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba. Ka ba ni lokaci."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba, Baba."

Aka kira ta daga ciki, wata na naƙuda. Ta rusuna ta shige. Yau wata biyar ke nan. Ban aika kowa ya matsa mata ba, ko da yake yayana ya ce zai je ya ci mata mutunci, na ce in ya je ni da shi ne. Ta fara ɗaukar wayata, mu gaisa, ta tambayi ciwon ƙafata. Ɗaya maganar ba ta tayar ba, ni ma ba ni da ikon tayarwa.