Awakin Matar Iware

Shekarun baya, bayan na gama sakandare na gaji da zaman gida, yayana ya samar min aiki a wani kantin maganin dabbobi a nan Jalingo. Aikina kwamfuta ne, don na yi kos na wata uku, kuma a lokacin gani nake duk unguwar Sintali babu wanda ya kama ƙafata.

In oga ba ya nan mu biyu ne a kantin, ni da wani dattijo Bafulatani da kowa ke kira Bappa. Ya san dabba kamar yunwar cikinsa, amma ba ya karatun boko, sai ajami, ga ido ya fara rauni. Oga ya sa doka cewa duk kwalbar da za ta fita sai an manna mata takardar awo da kwamfuta ke bugawa, don magungunan yanzu kowanne da ƙarfinsa, ba a yi da ka. To kafin ka kai wurin buga takardar sai ka bi ta shafi wajen biyar, duk da Turanci. In na fita sallah ko cin abinci, sai masu saye su zauna jirana.

Mutumin da ya saka mana manhajar ne ya koya min shotkot, wato gajeriyar hanya, ta waya. Za ki danna gefen dama na maus a fuskar kwamfuta, ki zaɓi sabo, ki saka adireshin manhajar, ki ƙara kalma ɗaya a ƙarshe. Shi ke nan, dannawa biyu ta kai ki inda kike so. Na yi guda biyu, na awon shanu da na awon awaki, hotonsu iri ɗaya sak. Bappa sai ya danna, ya haska kwalba da na'ura, takarda ta fito. Ranar farko har da tafi ya yi.

"Ɓingel, na gane," in ji shi, haka yake kirana, wato yarinya da Fulatanci. "Na sama na manya, na ƙasa na ƙanana."

Wata biyu muna haka lafiya. Wata safiya da babu mutane na ga fuskar kwamfutar ta cika da tarkace, sai tsaftata ta motsa. Na goge na gogewa, sannan na danna wurin da ke jera komai bisa suna. Suka jeru gwanin kyau. Na awaki ya hau sama, na shanu ya koma ƙasa. Na gani da idona, ban ɗauke shi a bakin komai ba, tunda ga sunan kowanne a rubuce. Na wuce tasha karɓo kayan da oga ya aiko, shi yana Sunkani.

Bayan azahar na dawo ina zaune wani makiyayi ya sayi maganin tsutsar ciki na shanunsa. Bappa ya danna na sama, ya miƙa masa. Mutumin ya kalli lambar, ya ce wannan awon ko maraƙi ba zai isa ba, wasa muke da shi? Na karɓa na duba. Awaki aka rubuta a jiki.

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun dusa ba. Na tambayi Bappa wa da wa ya sallama da ba na nan. Ya ce mace ɗaya ce, daga Iware, maganin tsutsa ta saya wa awakinta bakwai, kuma na ƙasa ya danna mata. Ya ce mata ta ba 'yarta mai zuwa makaranta ta karanta. Wato akuya za ta sha abin da aka auna wa saniya.

Ba mu da lambarta, ba mu san sunanta ba. Bappa bai yi min faɗa ba, ya dai ɗauki sandarsa ya ce in rufe kanti. Muka hau mota. A Iware muka yi ta tambaya gida gida, mace doguwa mai zane a fuska, mai awaki bakwai. Wata mai sayar da doya ce ta nuna mana.

Mun tarar ta riga ta ɗura wa uku. Biyu suna tsaye suna rawar jiki, miyau na zuba. Ta ukun tana kwance, cikinta ya tsufa. Bappa ya sa aka dako gawayi, ya dama da ruwa, ya yi ta ɗura musu yana magana da su da Fulatanci. Biyun suka farfaɗo. Mai cikin ba ta kai magariba ba.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna ta dafa cikin akuyar, ta ce da irin Hausarta, "Shi ne na fara ba shi, don shi ne na fi so." Sai ta ɗago ta tambaya waye ya yi takardar.

"Ni na danna, Mama," in ji Bappa. "Ki yi haƙuri."

Ina tsaye a bayansa. Na bar shi ya ɗauki laifin.

Oga ya ji gaskiya daga bakina washegari. Bai kore ni ba. Ya saya wa matar wata akuya, ta karɓa ta ce amma ba ita ba ce. Ni kuma na sa hoton saniya a shotkot ɗaya, hoton akuya a ɗayan, abin da bai ɗauke ni minti goma ba.

Har yau abin yana faɗo min. Ni na yi wa Bappa hanyar, amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda yake bin ta ba. Yanzu a wani ofishi nake, kuma ko fayil ba na matsarwa sai na tambayi mai amfani da shi. Abokan aiki suna min dariya, in ƙyale su.

Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne matar ta ci gaba da zuwa kantin har na bar aikin. In ta shigo ba ta kallon Bappa. Ni take miƙo wa kwalbar, ta ce, "Yarinya, ke ki duba min, wannan tsoho ba ya gani." Bappa sai ya juya ya kama gyaran buhuna. Ni kuma in karɓa in duba.