Bangon da Inna Ta Daina Ganewa

Lokacin zafi ne, irin na Jidda da riga ke manne wa mutum tun da hantsi. Shekarar ta yi mana nauyi, don a cikinta idon Inna ya tafi, magana ma ta fara guje mata.

Akwai wani ɗan masallaci kusa da bakin bahar, bai fi ɗaki biyu ba, an gina shi da dutsen da ake sarowa daga cikin ruwa. Babu wanda ya san shekarunsa. An ce masunta ne suka fara ɗora shi, daga baya alhazan da ke sauka daga jirgin ruwa suka riƙa yin sallarsu ta farko a ciki. Kakana na cikinsu. Ya tarar da bango ɗaya ya zube, ya tsaya gyara, bai koma gida ba.

Tun daga nan, duk Sha'aban gidanmu ke shafa wa ɓangaren mata nura, wato farar ƙasa. Inna ba ta ba da labarin wurin sai hannunta na kan bango. Takan lalubi wani ɗan rami ta ce, "Nan ambaliya ta tsaya." Ta matsa gaba, "Wannan dutsen babana ne ya sa." A shekarar na ƙudura zan rubuta komai, tunda na koyi rubutu da girmana.

Ɗana, direba ne a Abhur da ke gefen Jidda, ya so ya hutar da mu. Ya riga mu zuwa, ya cike ramukan, ya shafe bangon da fentin mai.

"Halas, an gama, Ummi, shekara goma ba ruwanku da guga," ya ce da ni, yana murna.

Da muka je, na kama hannun Inna na ɗora a bangon. Ta shafa dama, ta shafa hagu, santsi kawai.

"'Yar nan, ina kika kawo ni?"

"Masallacinmu ne, Inna."

"A'a. Namu yana da kaushi. Mai da ni gida."

Ɗana ya sunkuyar da kai. Ban yi masa faɗa ba, ai mu ne ba mu taɓa gaya masa labarin ramukan ba.

Washegari da safe na nemi izinin liman, na ɗauki tsohuwar wuƙar kicin, na tafi. Na fara kankare fentin daga daidai tsayin kafaɗar Inna, a hankali, don dutsen ba ya son ƙarfi.