Buhun Masarar da Na Ɗora wa Ƙanena

A wancan lokacin ni manomin masara ne a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, magidanci mai saurin fushi, wanda ba ya jure a yi masa dariya. Tun rasuwar babanmu ni nake riƙe da ƙanena, dogon saurayi da sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. A makarantar mishan ya koyi ƙwallon kwando, har wata ƙungiya a Kaduna ta ɗauke shi tana biyansa albashi. Ranar da ya tafi babu wanda ban tare na gaya wa ba.

Da shekara ta zagayo, maganarsa ta zama abin musu a teburin mai shayi na bakin kasuwa. Wani tela da ke kallon wasanninsu a waya ya ce kullum a bencin 'yan canji yake ganinsa, in an sa shi ma minti kaɗan ne a fitar da shi. Wani malamin firamare yana kare shi, yana cewa mai irin wannan tsawon a hankali ake gina shi. Sauran kuwa, waɗanda ko kwandon ba su taɓa gani ba, suka yanke cewa tsawon banza ne, birni ya mayar da shi rago. Har yau in na tuna bakunan nan raina ɓaci yake yi. Amma su magana kawai suka yi suka shanye shayinsu. Ni ne sakaran da ya ɗauke ta ya kai gida.

Da kaka aka ba su hutu ya zo. Na tsare shi da tambaya, ya yi mini bayani a natse cewa gwiwarsa ta hagu tana damunsa, ana yi mata atisaye, kocinsu ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi, kuma kocin ya ce in ya yi haƙuri baɗi da shi za a riƙa fara wasa. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Na ce masa uzurin malalata ne, ya bar ni ina shan kunya a gari.

Ranar kasuwa motar da za ta kwashi masarata ta tsaya daidai gaban teburin mai shayin. Ga 'yan dako a tsaye suna jira, na sallame su, na ce ƙanena ne zai yi lodin, kowa ya gani da idonsa. Ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Yaya, gwiwar nan ba za ta ɗauka ba." Na ce in dai ni na raine shi, to ya sunkuya. Ya sunkuya aka ɗora masa. Ya hau katakon da aka jingina a bayan motar ɗauke da buhu na farko, ya hau da na biyu. A na uku ƙafar ta lanƙwashe, daga inda nake tsaye na ji ƙararta.

Telan ne ya fara sulalewa, sauran suka bi shi. Malamin nan kaɗai ya taya ni kai shi asibiti. Ƙungiyar ta jira shi wata da watanni, daga baya ta sallame shi. Yanzu yana gida yana ɗingishi, shi ke auna hatsi a rumfata. Da mahaifiyarmu ta tambaye shi, cewa ya yi shi ya ga dama ya ɗauka. Wannan rufin asirin ya fi zagi cin raina.

Abin da ya fi ba ni haushi, ni manomi ne. Ban taɓa karye masara ɗanya don wani ya ce gonata ta makara ba, amma na yi wa ɗan'uwana haka don in rufe bakin mutanen da ba su san komai a kan sana'arsa ba. Duk mai ɗa ko ƙane a irin wannan harka, ya saurari masu koya masa, ya saurari shi kansa, ya bar 'yan teburin shayi da surutunsu. A da suna ta musun ko ƙanena yana ci gaba ko ba ya yi. Yanzu babu mai sanin amsar har abada, kuma ni na hana a sani.