Mazarin da Na Ƙi Ajiyewa

Wata Alhamis ce da kaka, ranar kasuwar Shinkafi, shekarar da Turawa sunka miƙa mulki, anka rufe mahaifiyata. Ban fi shekara takwas ba. Na shige bayan rumbu na ƙi ci na ƙi sha, ko carafke na ƙi yi da yaran gidanmu. Kakata Inna Dije ba ta rarrashe ni ba. Ta zo da taskirarta ta zauna a ƙasa, ta shafa mini alli a yatsu, ta danƙa mini mazari da auduga, ta ce, "Kuka ba shi hana kaɗi, ɗiyata. Yi duka biyun." Zaren ya tsinke na ƙulla, ya sake tsinkewa na sake ƙullawa. Kafin la'asar na ji yunwa.

Tun daga ranar na zama 'yar rakiyarta. Mu ciro auduga a gona, in gurje ta bisa dutse har gurya ta fita, Inna ta shiɓe ta, sannan in ɗauki taskira mu nufi gidan duk matar da ke takaba. Inna ba ta wa'azi, ba ta tambayar komi. Zama take ta miƙa mazari, a yi ta kaɗi shiru, har matar ta fara magana don kanta. Takan ce, "In hannu ya samu abin yi, zuciya sai ta samu wurin zama."

Da mijina ya rasu a Kaura Namoda, da mazarin nan na yi takabata. Daga nan maƙwabta sunka fara aiko mini, har matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya rasu, Kirista, na zauna da ita. Aikin ya zama nawa.

Bayan an ba mu jiha, ɗana Bello ya samu aikin gwamnati a Gusau. Shekarar da anka ƙaddamar da Shari'a ya zo da mota zai kwashe ni. Wai masaƙa sun ƙare, ba mai sayen zare, wai ana yi masa gori uwarsa na bin gidaje, kuma yanzu zamani ne na zaman mata a ɗaki. Na bar shi ya gama tsaf. Na ce, "Shari'a ta ce mai takaba ta zauna gida, ba ta ce a bar ta ita ɗai ba. Malamin da ya ce ba haka ba, shi zo shi faɗa mini." Ya koma da motarsa yadda ya zo da ita.

Yanzu sai na aika har garin Ɗan Isa kafin in samu auduga, ta'aziyya kuma ta koma ta waya, jikokina ba mai son alli a yatsunta. Amma taskirata na nan bakin ƙofa. Ran da anka daina mutuwa, sai in ajiye ta.