Ƙanwata a Bakin Ƙofa

Mutum huɗu suka sauko da ita daga bayan mota, suna takawa a hankali kamar masu ɗauke da mara lafiya. Faɗinta ya kai ƙyauren ɗaki idan an kwantar da shi. Ɗana na fari ne ya sayo talabijin ɗin a wajen fatauci, ya ce a kafa ta a ɗakina, nan gidansa na unguwar Zariya, wai idona ya fara rauni. Ban ce ina so ba. Suka ja gadona gefe, suka huda bango wuri huɗu, garin siminti ya zuba mini a kwanon fura.

Da aka kunna sai ga mai karanta labarai, kansa ya fi tulu girma. Ina ganin zufa a gefen hancinsa, da zaren da ya kwance a wuyan rigarsa. Na san ba ya ganina, amma a Tsibiri na tashi, ban saba baƙon namiji ya shigo ƙuryar ɗakina ya ƙura mini ido ba. Na ce a kashe.

Kwana uku bayan nan surukata, matar ɗan nawa, ta shigo da ƙawayenta za su kalli hoton bukin ɗiyarta da aka yi wata guda da ya wuce. Sun riga sun gan shi a waya, amma wai a nan zai fi fitowa. Suka cika mini ɗaki da turare da shewa, kowace tana neman leshinta da zinariyar wuyanta. Ni ban taɓa kallon tsakiyar taro ba. Gefe nake duba, in ga wa aka ba abinci, wa aka manta.

Mai ɗaukar hoton ya juya wajen ƙofar gida yana nuna motocin baƙi. Can kusurwa, tsakanin babura, wata mace na zaune a kan bulo. Na ce a tsayar.

Ƙanwata ce ta Jiratawa, nan bayan gari, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana sanye da atamfar da ta ɗinka don bukin, layin ninkin ma bai sake ba. A gefenta ƙwaryar daddawa ce da ta kawo gudummawa, an rufe da faifai. A hannunta baƙar leda, irin wadda ake ƙulla shinkafa a miƙa wa masu wucewa. Wani ƙaton mai gadi da aka ɗauko haya yana tsaye ya tare ƙofa.

Ranar bukin ina ciki tare da manyan mata. Na tambayi inda take sau biyu, aka ce ta zo ta koma da wuri, ƙafa ke damunta. Tun daga nan ba ta sake leƙo ni ba, ita da ba ta fashin Juma'a, in ta sayar da kayan garka, su zogale da ganye, sai ta biyo mu ci tuwo.

Surukata ta ce ai laifin masu gadi ne, an ce kada su bar wanda bai riƙo katin gayyata ba, ita ba ta sani ba. Na ce a ci gaba. Sai ga ta ita kanta ta fito cikin hoton, ta dubi inda ƙanwata take, ta kau da kai, ta wuce tarbar wata hajiya da ke fitowa daga mota. Na sa aka mayar baya sau uku. Ƙawayen suka fara neman takalmansu.

Ɗan nawa ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa faɗa ido da ido ba. Ranar na aika ya bar kanti ya zo. Na nuna masa bangon.

"Ka gane ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"A ɗakinta aka yaye ka. Wata bakwai kana bayanta, kana yi mata fitsari a zane. Ita ce kuka ba shinkafa a leda."

Ya ce in yi haƙuri, gobe zai tura direba da buhun shinkafa da turmin atamfa biyu. Nan raina ya ƙara ɓaci. Na ce ba abinci ta rasa ba, kuma direba ba shi ya kau da kai ba.

Da safe muka tafi gidan ƙanwata ni da surukata. Na ce ta cire takalmi tun daga zaure, ta tsaya har sai an ce ta shigo. Muka iske ƙanwata tana tsinke zogale a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta yi ta gaishe ni kamar baƙuwa.

"Yaya, wa ya faɗa miki?"

"Da idona na gani."

Ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta ciro katin a naɗe cikin sabon ƙyalle. Da ta ga ruwan zinariya a jikinsa sai ta ɗauka abin ajiya ne, ta ɓoye kada ya yi datti. Ba wanda ya gaya mata a ƙofa ake nuna shi. Ta ce ta yi tsammanin fuskarta ta isa ta shigar da ita gidan ɗanta.

Surukata ta durƙusa a rana tana kuka. Ƙanwata ta gama tsinke zogalenta tas kafin ta ce mata ta tashi, ta yafe.

Juma'ar da ta biyo baya ta zo. Ta ƙofar baya take shigowa yanzu, kai tsaye ɗakina, kuma da ƙullin abincinta take tafe. Na yi magana har na gaji, ta ce ni ta zo gani.